Cuta biyu a kwamfuta ɗaya

Minti ashirin da fara wasan tuƙin mota a kwamfuta, daidai inda hanya ke fita daga daji ta hau wata doguwar gada mai kallon babban birni, ga fitilu ga ruwan sama, sai kwamfutar ta ɗauke. Babu gargaɗi, babu rubutu a allo. Wani ɗan sauti kawai na ji, ƙas, daga ƙasan akwatin kwamfutar, fankoki suka tsaya, ɗakin ya yi tsit. Bayan daƙiƙa uku ko huɗu ta tashi da kanta, ta kawo min Windows kamar babu abin da ya faru. Karo na huɗu ke nan a mako guda, kuma a daren ne na yarda abin ya wuce tsautsayi.

Da hannuna na haɗa kwamfutar nan shekara huɗu da suka wuce, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa sa ni ciwon kai ba. Kayan cikinta duk sababbi na saya, in ban da akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa. Shi daga tsohuwar kwamfutata na ciro shi, mai wat 650 ne, shekararsa bakwai yana aiki. Mako uku kafin daren nan na buɗe ta na yi mata ƙari biyu a zama ɗaya. Na cire tsohon katin hoto na sa wani mai ƙarfi sosai, sannan na ƙara sandunan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, guda biyu a kan biyun da ke ciki, daga gigabait 16 ta koma 32. Na rufe, na kunna, ta tashi lafiya lau, na yi ta murna. Wannan ƙari biyu a rana ɗaya shi ne tushen wahalar da na sha, amma sai da aka daɗe kafin na gane haka.

Da abin ya fara, hanyar da yawancin mutane ke bi na bi. Na shiga intanet na rubuta cewa kwamfutata tana mutuwa idan ina buga gem, duk shawarar da na ci karo da ita na ɗauka. A dare ɗaya na sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke haɗa shi da Windows, na rage ingancin hoton wasan, na kashe manhajojin da ke tashi tare da Windows, na kuma sauya tsarin wuta a saiti. Washegari ta yi awa biyu ba ta mutu ba, na ce an dace. Kwana ɗaya tsakani ta sake ɗaukewa. Ko da a ce ta warke ma, da ban san wanne ne maganin daga cikin huɗun ba. Sai na yi mai gaba ɗaya, na goge Windows na sake girka ta, na kwana ina sauke wasanni. Asabar da Lahadi suka tafi a haka. Ranar Litinin da dare, minti goma da shiga wasa, ta jefo ni waje.

Ƙanena ne ya juya min tunani, shi da ba ruwansa da cikin kwamfuta, wasan ƙwallo kawai yake zuwa bugawa a kanta. Ina cikin ƙorafi ya ce, "Yaya, ni fa ba ta taɓa ɗauke min ba. Wasan ne kawai ke rufewa, sai in gan ni a fuskar Windows. Sau ɗaya kuma allon ya koma shuɗi."

Na ce ai duk ɗaya ne, mutuwa ce dai.

Ya ce, "To ni dai ba iri ɗaya nake gani ba. Kai kashe maka take yi, ni koro ni take yi."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Mako uku ina cewa "ta mutu", na cusa abubuwa daban-daban cikin kalma ɗaya. Na ɗauko littafin rubutu na ajiye kusa da kibod, na ja layuka: rana, wane wasa, minti nawa aka yi, yadda ta mutu, da abin da na taɓa kafin nan. Na kuma ɗaukar wa kaina alkawari, abu ɗaya tak zan riƙa sauyawa, in jira in ga sakamako kafin in taɓa wani.

Yadda kwamfuta ta faɗi shi ne shaida ta farko, kuma kyauta ake samun ta. Idan wasan ne kaɗai ya rufe, Windows tana nan daram, to zargi yana kan wasan kansa, ko fayil ɗinsa da ya lalace, ko direba, ko ram. Idan allo ya yi baƙi na 'yan daƙiƙu ya dawo, ko hoto ya sandare sauti yana ta maimaita kansa, yawanci katin hoto ne ko direbansa. Shuɗin allo kuwa yana nufin Windows ta ga kuskuren da ba za ta iya ci gaba da shi ba, amma ta samu sararin rubuta sunansa kafin ta tsaya. Ɗaukewa farat ɗaya, kamar an zare waya daga bango, ita ce ba ta barin wasiyya. A nan Windows ba ta ma san abin da ya same ta ba, domin abin ya faru ne a ƙarƙashinta, a wajen wuta ko zafi.

Kwana takwas na yi ina rubutu ba tare da na sauya komai ba. Da na karanta shafin daga sama zuwa ƙasa, sai ga shi ya rabu biyu da kansa. Korowa da shuɗin allo suna zuwa a kowane wasa, mai nauyi da mara nauyi, ba su da lokaci, sau ɗaya ma ina kallon bidiyo ne kawai shafin intanet ya rufe. Ɗaukewa kuwa a wasa ɗaya take zuwa, mai nauyin nan, kuma sau uku cikin huɗu a kan gadar nan ce.

Windows tana da nata littafin, sai dai mutane ba su cika buɗe shi ba. Mafi sauƙin karantawa shi ne wanda ake samu idan aka danna maɓallin Windows da R tare, aka rubuta perfmon /rel. Zai jero kwanaki, da jan alama a duk ranar da wani abu ya faɗi. Mai zurfin kuma shi ne Event Viewer. A can, duk daren da ta ɗauke, na tarar da saƙo iri ɗaya: Kernel-Power, lamba 41. Da farko na ɗauka na kama ɓarawo, tunda ga sunan wuta a jiki. Ashe lamba 41 ba ta faɗin dalili. Abin da take cewa kawai shi ne kwamfutar ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba, ko kai ka zare wayar da hannunka haka za ta rubuta. Amfaninta yana cikin bayanin da ke ƙasa, wani layi mai suna BugcheckCode. Idan akwai lamba a wurin, shuɗin allo ne ya faru, ko da ba ka gan shi ba. Idan sifili ne, Windows ba ta samu rubuta komai ba. Na daren gada duk sifili ne. Na shuɗin allo kuwa, sau biyu MEMORY_MANAGEMENT, sau ɗaya IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Sunan kuskure yana sauyawa daga rana zuwa rana, wannan kansa alama ce da ke yawan nuna ram, domin duk abin da tsautsayi ya sa ya zauna a gurɓataccen wuri shi ne zai faɗi.

Duk da haka da zafi na fara, don shi ne mafi sauƙin wankewa daga zargi. Na sa HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da wutar kayan kwamfuta, na umarce ta ta riƙa rubuta ma'aunai cikin fayil yayin da nake wasa. Wannan yana da muhimmanci, tunda idan kwamfuta ta ɗauke, lambobin da ke kan allo sun tafi tare da ita, amma fayil yana nan. Bayan ta sake ɗaukewa na buɗe layin ƙarshe. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, digiri 78 a ma'aunin Salshiyas, katin hoto 72, wuri mafi zafi a cikin katin 86. Babu abin tsoro a ciki. Firosesa na zamani yana kai wa kusan digiri 95 zuwa 100 kafin ya fara rage gudu don ya huce, kuma rage gudun yake fara yi kafin ya kai ga kashe kansa. Wanda zafi ke damunsa yakan ga wasan ya soma ɗingishi tukuna. Nawa kuwa sumul yake tafiya har daƙiƙar ƙarshe. Na dai hure ƙura daga fankoki da ƙarfen sanyaya, ina riƙe da kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ban taɓa shi ba. Lambobi ba su nuna yana da laifi ba, kuma taɓa shi ƙara wani sabon abin zargi ne.

Direba ma bai ɗauke ni lokaci ba. Tun daga Windows Vista akwai wani tsari mai suna TDR: idan katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows tana sake tayar da direbansa, shi ya sa allo ke yin baƙi ya dawo. Idan haka ta faru za ka ga lamba 4101 a Event Viewer. Ni ban ga ko ɗaya ba. Na dai share direban tas da manhajar goge direba mai suna DDU a cikin Safe Mode, inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai, tunda na sauya kati, na sa sabo, na rubuta a littafi. Babu abin da ya sauya. Na sha ganin masu ba da shawarar a shiga rajistar Windows a tsawaita daƙiƙa biyun nan zuwa goma ko fiye. Ban yarda da wannan ba ga mai wasa. Katin da ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba yana da dalili, ƙara masa lokaci rufe wa kai ido ne.

Sai ram, inda na daɗe.

Abin da ban ba shi muhimmanci ba a baya shi ne, gudun da aka rubuta a jikin kwalin ram ba shi ne gudunta na asali ba. Sandunana DDR4 ne, an rubuta musu 3600. Amma idan ka soka su ka kunna, a 2133 suke tashi, da bolt 1.2. Sai ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kunna wani tsari mai suna XMP kafin su hau 3600, da bolt 1.35. Intel ce ta fito da XMP a 2007, AMD kuma ta kawo nata mai suna EXPO a 2022 tare da DDR5. Duk abu ɗaya suke yi, suna tura ram ta yi gudun da ya wuce mizanin farko. Yawancin lokaci lafiya ake rabuwa. Sai dai mai kula da ram yana zaune ne a cikin firosesa, kuma ɗawainiyar sanda huɗu ta fi ta sanda biyu nauyi a kansa. Ga kuma wani abu: kamfani yana gwada sandunan da ke cikin kwali ɗaya ne tare. Biyun da na ƙaro suna da suna ɗaya da lamba ɗaya da tsofaffin, amma shekara huɗu ce tsakaninsu. Da na duba a HWiNFO, ƙananan guntayen da ke jikin tsofaffin da na sababbin ba masana'anta ɗaya ce ta yi su ba.

Na sa MemTest86 a filash, na tayar da kwamfutar daga kansa. Wannan manhaja ba ta bi ta Windows, ita kaɗai take zama da ram tana rubuta mata abu tana karantawa, zagaye huɗu. Da gigabait 32 awanni take ɗauka, don haka da dare nake sa ta in kwanta. Safiya ta farko na tarar da ja a allo, kurakurai 11. A wannan gwaji ko ɗaya ya yi yawa. Ram da ta mayar maka da abin da ba shi ka ba ta ba, ko sau ɗaya a cikin biliyan, ba abin dogaro ba ce.

A nan ne na kusa sake yin gaggawa, na kusa tattara sababbin sandunan in mayar a matsayin lalatattu. Littafin ne ya riƙe ni. Dare na biyu na bar sanda huɗun, na kashe XMP kawai. Babu kuskure ko ɗaya. Dare na uku tsofaffin biyu su kaɗai, a ramuka na biyu da na huɗu daga firosesa kamar yadda littafin madabod, wato babban allon da kayan ke zaune a kai, ya ce, XMP a kunne. Tas. Dare na huɗu sababbin biyu su kaɗai, a 3600. Su ma tas. Wato babu sandar da ta lalace. Kowace biyu lafiyarsu ƙalau, haɗuwarsu huɗu a wannan gudun ce firosesana bai iya ɗauka ba. Dare na biyar na mayar da su duka, na bar XMP a kunne amma na sauke gudun da hannu zuwa 3200. Zagaye huɗu babu ja. Na maimaita washegari don in tabbata, haka nan.

Na san akwai masu zama su yi ta gyara lambobin ram ɗaya bayan ɗaya, suna ƙara ɗigon wuta nan da can har sai 3600 ta zauna. Ina girmama wannan haƙurin, amma ni na zaɓi 3200. A wasannin da nake bugawa idona bai ga bambanci ba, kuma kwanciyar hankali ta fi min.

Wani abu ya faɗo min a rai a lokacin, ya kuma dame ni. Windows ɗin da na sake girkawa, da wasannin da na kwana ina saukewa, duk ta cikin wannan ram mai kuskure suka bi kafin su zauna a faifai. Na buɗe wurin rubuta umarni na sa sfc /scannow, ta samu fayiloli da suka gurɓace ta gyara. Na sa Steam, manhajar sauke wasanni, ta binciki fayilolin wasannina, a wasan ƙwallon ƙanena ta sake sauke guda biyu. Goge Windows da na yi a matsayin magani, ashe ƙara wa ciwon gishiri na yi. Duk wanda ke tunanin sake girka Windows saboda irin wannan matsala, ina roƙonsa ya gwada ram tukuna.

Kwana shida babu korowa, babu shuɗin allo. Ƙanena ya yi ta buga ƙwallonsa lafiya. Na ce an gama. Ranar ta bakwai na buɗe babban wasan, na bi hanyar daji, na hau gada. Ƙas. Duhu. Ashe da sauran rina a kaba.

Raina ya ɓaci a daren, amma ban ruɗe ba, domin littafin ya riga ya nuna min cuta biyu ce. Ɗaya ta tafi, saura ɗaya, kuma yanzu ita kaɗai ce a fili.

Abin da ya daɗe yana kawar da hankalina daga akwatin wuta lissafi ne. Katin hoton an rubuta masa wat 300. Firosesa a cikin wasa bai wuce 120 ba. Sauran kaya, fankoki da faifai da madabod, a ba su 50. Jimla 470, akwati kuma 650. A takarda akwai rara mai yawa. Ga kuma gwajin FurMark da na yi, wanda ke ɗora wa katin hoto kaya iyakar ƙarfinsa: awa guda cur, katin yana shan wat 300, ba ta ɗauke ba. Na ma haɗa shi da Prime95 yana matsa wa firosesa a lokaci guda, nan ma ta tsaya. To ta yaya akwatin da ya jure wannan zai faɗi a wasa?

Na kai tambayar wurin wani abokina da ya girme ni, wanda ya daɗe yana gyaran kayan lantarki. Na ce, "Malam, gwaji mafi nauyi ta ci shi, wasa kuma yana kayar da ita." Ya ce, "Ƙanena, wanda ya ɗauki buhu a ka yana tafiya a hankali daban, wanda aka jefo wa buhun daga sama daban." Ya yi min bayani cewa FurMark nauyi ɗaya yake ɗorawa, ya zauna a haka. Wasa kuwa hawa da sauka yake yi. A cikin daji katin yana hutawa, da an fito kan gada birni ya bayyana gaba ɗaya, sai ya zabura. Katunan hoto masu ƙarfi suna iya fizgar wuta da ta ninka abin da aka rubuta musu, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Akwatin wuta yana da na'urar kariya a ciki. Idan ya ga an fizgi abin da ya wuce iyakarsa, ɗauka yake wani abu na shirin ƙonewa, sai ya yanke wutar nan take. Ƙas ɗin da nake ji ke nan. Ya ƙara da cewa kafasitocin da ke cikin akwati, waɗanda aikinsu shi ne cike irin wannan giɓi, suna rauni da shekaru da zafi, don haka akwati mai shekara bakwai ba shi ne na ranar farko ba.

Wannan ya warware min wani abu kuma. A fayil ɗin HWiNFO layin bolt 12 bai taɓa sauka ƙasa da 11.9 ba, alhali mizani ya yarda har 11.4. Na ɗauka wannan wanke akwatin ne. Amma manhajar duk bayan daƙiƙa 2 take leƙawa. Abin da ke faruwa cikin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya zo ya wuce tun kafin ta waiwaya. Matsalar sananniya ce, har ta kai mizanin ATX 3.0 da ya fito a 2022 ya shar'anta wa manyan akwatunan wuta su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙaitaccen lokaci. Nawa an ƙera shi tun kafin a yi wannan doka, ga katuna masu ƙaramin ci. Aikin da aka yi shi dominsa ya yi shi shekara bakwai.

Gwajin da ya fi min amfani a duk wannan tafiya bai ci ko sisi ba. Na buɗe MSI Afterburner, manhajar saita katin hoto, na ja iyakar wutar katin daga kashi 100 zuwa 70, na kuma ƙayyade wasan kada ya wuce hoto 60 a daƙiƙa. Na hau gada, na sauka, na juyo, na sake hawa, sau goma. Dare uku a jere ba ta ɗauke ba. Dare na huɗu na mayar da iyakar 100. A hawa na biyu ta tafi. Yanzu ina iya kiran cutar in ta zo, in kore ta in ta tafi, kuma daga nan ne bincike ke zama mai sauƙi.

Da na buɗe akwatin kwamfutar don duba wayoyi, sai na ga abin da na yi ranar da na sa katin. Yana da bakin wuta biyu, kowanne mai rami 8. Ramin madabod da katin ke zaune a ciki yana ba da wat 75, kowane baki mai rami 8 kuma an tsara shi don wat 150. Ni kuwa waya ɗaya na jawo daga akwatin wuta, irin mai kai biyu a ƙarshe, na soka kawunan biyu. Duk wutar bakin biyu ta waya ɗaya take bi. Na laluba kwalin akwatin na samo waya ta biyu, na ba kowane baki tasa, na tura har sai da na ji maƙallin ya kama. Na kuma cire kwamfutar daga istenshan na soka ta a soket ɗin bango kai tsaye, amma wannan sai washegari, don kada in haɗa sauyi biyu. An samu sauƙi, kwana huɗu lafiya. A na biyar ta ɗauke.

Saura tambaya ɗaya. Rage wutar kati ya hana ɗaukewa, amma wannan bai raba tsakanin akwatin wuta da katin kansa ba. Katin da sashen wutarsa ke da rauni shi ma zai lafa idan aka rage masa kaya. Babu manhajar da za ta raba wannan gardama, sai an sauya ɗaya daga cikinsu. Abokin nan nawa ya ara min akwati mai wat 850. Da zai miƙo min ya riƙe jakar wayoyin ya ce, "Da nasa wayoyin za ka yi aiki. Kada ka kuskura ka bar tsofaffin ka soka a wannan." Ina so in jaddada wannan, domin kuskure ne mai ƙona kaya. Bakin da ke shiga katin hoto ko faifai iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga jikin akwatin wuta kowane kamfani da yadda yake jera wayoyinsa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. Wayar za ta shiga daidai, amma ta kai bolt 12 inda ba wurinsa ba. Ya kuma gargaɗe ni kada in kwance tsohon akwatin don leƙa cikinsa, saboda manyan kafasitoci suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango.

Yamma guda na ɓata ina zare tsofaffin wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina sa na aro. Na mayar da iyakar katin 100, na cire ƙayyade hoto, na ɗaga ingancin wasan zuwa ƙololuwa. Kwana goma na riƙe akwatin aron, kullum sai na hau gadar nan, shafin littafina na ɗaukewa bai samu sabon layi ba. Na sayi nawa, mai wat 850 kuma mai bin mizanin ATX 3.0. Wajen zaɓe ban dogara da tambarin 80 Plus da ke jikin kwali ba, domin shi yana auna yawan wutar da akwati ke ɓarnatarwa ne a matsayin zafi, ba ya faɗin yadda zai jure fizga. Rahoton masu gwada akwatuna da na'urar awo na nema na karanta.

Ƙanena ya tambaye ni, "Yaya, tsohon fa? Ba ni in ajiye, ina so in haɗa tawa." Na ce zai iya riƙe ƙaramar kwamfuta ta rubutu da kallo, amma in da katin hoto a lissafinsa, gara ya jira ya sayi sabo. Na ɗaure wayoyinsa a jikinsa da igiya, na rubuta a takarda cewa nasa ne shi kaɗai, na manna.

Wata biyu ke nan. Ram tana nan a 3200, ban mayar da ita sama ba. Littafin yana nan gefen kibod, layinsa na ƙarshe ranar da na sa sabon akwati ne. A daren na tuƙa motar ta fita daga daji, ta hau gada, birnin ya buɗe da fitilunsa cikin ruwan sama, na ji fankar katin ta ɗaga murya. Hannuna ya ɗan tsaya a kan kibod ina sauraren ƙasan akwatin. Motar ta sauka daga gadar ta shiga titin farko na birnin, na bi shi har ƙarshe, na karya kwana zuwa unguwar da ban taɓa gani ba tun da na sayi wasan.